Agogona ya ce jikina ba shi da juriya: me bugun zuciya da numfashi suke nunawa?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 47, kuma shekara 8 ke nan ina fama da ciwon suga, ina shan magani. Babban ɗana ya sayo min agogon hannu na zamani a Farm Centre, irin mai auna bugun zuciya. Kullum da safe sai ya nuna min wata lamba da aka rubuta HRV a kanta. Tawa ba ta wuce 22 zuwa 25, ta yaron kuwa tana haura 70. Ya ce min ya karanta cewa lambar tana nuna yadda zuciya ke tafiya tare da numfashi, kuma wai da ita ake gane ko jiki zai iya jure wahala da rashin lafiya. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Shin da gaske ana gane ƙarfin jiki ta wannan hanya? Kuma me ya kamata in yi?" Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya ya yi wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, kana son sanin ko tafiyar zuciya da numfashi tare tana iya zama ma'aunin juriyar jiki, sannan ko tazarar da ke tsakanin lambarka da ta ɗanka alama ce ta cewa jikinka ya gaza. Yaron bai yi maka ƙarya ba, maganar tana da tushe a ilimin likitanci. Inda aka kuskure shi ne ɗora lambar mai shekara 47 kusa da ta saurayi. Ni kuma abin da ya fi tsaya min a cikin wasiƙarka ba 22 ɗin ba ce, shekara 8 ɗin nan ta ciwon suga ce, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Zuciya mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida

Ka kira yaron nan ka zaunar da shi. Ɗora yatsunka biyu a wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa, har ka ji bugun. Ka ce ya ja numfashi a hankali har ƙirjinsa ya cika, sannan ya sake shi a hankali. Za ka ji bugun yana ɗan hanzari yayin da iska ke shiga, yana lafawa yayin da take fita. A ƙananan yara abin ya fi fitowa fili, har wasu iyaye kan tsorata su kawo yaro asibiti wai zuciyarsa tana tsalle. Lafiya ce tsantsa. Wani masani Bajamushe, Carl Ludwig, ya zana wannan hawa da sauka a takarda tun 1847, a gwajin da ya yi da kare.

Dalilin shi ne, a ɗakin sama na dama na zuciya akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke kunna kowane bugu. In an bar shi shi kaɗai, zai riƙa bugawa kusan sau 100 a minti. Shi ya sa wanda aka yi wa dashen zuciya, da yake an yanke jijiyoyin da ke zuwa gare ta, ko yana kwance za ka samu bugunsa a wajen 90 zuwa 110. Mu kuwa namu yana zama a 60 zuwa 80 saboda akwai mai riƙe da shi. Ka ɗauki zuciya a matsayin dokin hawan Sallah: mahayinsa yana da linzami yana da kaimi. Linzamin shi ne wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus, ta 10 a cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, tana saukowa ta wuya ta ratsa ƙirji har cikin ciki. Kaimin kuwa shi ne jijiyoyin zaburarwa, waɗanda ke tashi in mutum ya firgita ko ya ɗauki kaya. Linzami yana aiki nan take, cikin bugu ɗaya. Kaimi sai ya ɗauki 'yan sakanni kafin a ga tasirinsa. Duk lokacin da ka ja numfashi, ƙwaƙwalwa takan ɗan sassauta linzamin, in ka fitar ta sake ja. Akwai kuma wasu na'urorin halitta a bangon manyan hanyoyin jini na wuya da ƙirji, masu jin hawa da saukar ƙarfin jini a kowane bugu, suna kai wa ƙwaƙwalwa rahoto ta gyara.

To lambar HRV da agogonka ke nunawa awon wannan bambanci ne: tazarar da ke tsakanin wannan bugu da na gaba, ana auna ta da milisakan, wato kashi 1 cikin 1000 na sakan. In tazarar tana sauyawa sosai tare da numfashi, lambar ta yi sama, alamar linzami yana hannu. In bugun ya daskare a tazara guda, lambar ta yi ƙasa.

Dangantakar wannan da juriya a bayyane take in ka duba ranarka guda. Ka ɗago daga sujada ka miƙe: jinin da ya kai rabin lita ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ciki, kuma dole cikin sakanni zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke, in ba haka ba jiri ya kwashe ka. Ka hau bene zuwa sito, ka fito cikin ranar Afrilu, zazzaɓi ya kama ka, wani ya zo maka da labarin kayanka sun maƙale a hanya. Kowanne yana buƙatar a sassauta linzamin ko a ja shi cikin gaggawa, in ya wuce kuma a koma daidai. Jikin da ke iya wannan sauyi da sauri shi muke cewa yana da juriya.

Inda aka gwada aka gani

Wurin da na fara ganin amfanin wannan da idona ɗakin haihuwa ne. In aka ɗaura wa mai naƙuda na'urar sauraron zuciyar jariri, ba yawan bugun kaɗai ungozoma ke dubawa ba, wanda ya kamata ya zauna tsakanin 110 da 160. Tana duba ko layin da ke fita a takarda yana rawa sama da ƙasa, da bambancin bugu 5 zuwa 25. In layin ya miƙe sumul ya daɗe a haka, ko da yawan bugun yana daidai, hankalin kowa a ɗakin yakan tashi, domin yana iya nufin jariri ya fara galabaita. Edward Hon da abokan aikinsa a Amurka su suka kafa wannan fahimta a shekarun 1960.

A daidai wannan zamani, a Mosko, Roman Baevsky yana amfani da irin wannan awo don bibiyar 'yan sama jannatin Tarayyar Sobiyet, ya gane wane ne jikinsa ke sabawa da zaman sararin samaniya, wane ne ke wahala. Daga nan maganar auna iya sabawar jiki da bugun zuciya ta samu gindin zama. A 1987 kuma Robert Kleiger da abokansa suka bibiyi mutum 808 da suka tsira daga toshewar hanyar jinin zuciya, an naɗi bugun kowannensu na awa 24. Waɗanda bambancin bugunsu ya gaza milisakan 50, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka haura 100 kusan sau 5. A 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka fitar da ƙa'idojin yadda za a riƙa yin awon.

Kada ka ɗauki 50 ɗin nan ka gwada da 22 ɗinka. Wancan lissafi ne na yini da kwana cur, a jikin waɗanda zuciyarsu ta riga ta samu rauni. Agogo kuwa yana ɗaukar ɗan lokaci ne, ko lokacin barci, kuma hanyar lissafin ma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani: ta Apple daban, ta Garmin da Fitbit daban. Mutum ɗaya ya ɗaura agogo biyu a dare ɗaya, zai iya tashi da lamba biyu.

Akwai wata hanya da ta fi kusa da abin da ɗanka ya karanta. Vladimir Pokrovskii, na jami'ar likitanci ta Kuban a birnin Krasnodar na Rasha, ya ɓullo da gwaji inda ake sa mutum ya riƙa gajeren numfashi da sauri, yana bin ƙyaftawar fitila ko wani sauti da aka saita ya ɗan fi bugun zuciyarsa sauri. Bayan wasu bugu sai zuciya ta bi sahu, numfashi ɗaya bugu ɗaya. Sai a yi ta ƙara sauri kaɗan-kaɗan har inda zuciyar ta saki. Ana duba faɗin zangon da ta iya bi, da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta shiga sahu. Mai faɗin zango da saurin shiga, shi ake ɗauka mai kyakkyawar juriya. A 1998 ma wasu masu bincike a Jamus sun nuna a jikin matasa 'yan wasan ninƙaya cewa ko a hutu, ba tare da umarnin kowa ba, zuciya da numfashi kan kulle da juna na tsawon mintuna, misali bugu 3 a kowane numfashi. Ilimi ne mai ban sha'awa, amma gwajin na Krasnodar ya fi zama a Rasha, ba ya cikin abin da muke yi wa marasa lafiya a nan, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya zauna a ɗaki yana haki da gangan. Jiri da sanƙarewar yatsu kawai zai jawo wa kansa.

Abubuwan da ke sauke lambar

Na farko kuma mafi girma shekaru ne. Bambancin bugu yana kan ganiyarsa a ƙuruciya, daga nan yana raguwa shekara bayan shekara, ko a jikin wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba. Mutum biyu sa'o'in juna, duka lafiyayyu, ana iya samun lambar ɗaya ta ninka ta ɗaya, domin akwai gado a ciki. Saboda haka 70 ɗin ɗanka ba ta ce komai a kanka ba.

Sai shi kansa agogon. Ba lantarkin zuciya yake aunawa ba, koren haske yake haskawa a fata ya duba yadda jini ke kumbura ƙananan hanyoyi. Sakwakkwen maɗauri, motsin hannu, gumi, duk suna rikita shi. Baƙar fata tana shanye koren haske fiye da fara, kuma wasu bincike sun ga hakan yana ƙara kuskure, wasu ba su gani ba. Agogo masu araha da yawa ba a taɓa gwada su gefe da gefe da na'urar asibiti ba. Ko yanayin numfashinka a lokacin awon yana sauya sakamako: ka ja dogon numfashi a hankali na minti ɗaya, lambar za ta tashi, alhali jikinka na jiya ne.

Sannan zaman Kano kansa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, mutum ya yini yana gumi bai sha isasshen ruwa ba, dare ya yi babu wuta, barci rabi da rabi. Duk wannan yana ɗaga bugun zuciya ya sauke lambar. Zazzaɓin cizon sauro haka: ƙarin digiri 1 na zafin jiki yana ƙara bugu kusan 10 a minti, kuma sau da yawa masu agogo kan ga lambar ta faɗi kwana ɗaya kafin su ji ciwon a jikinsu. Ƙarancin jini, goro da daddare, shayi mai kauri ko Nescafe a teburin mai shayi bayan isha'i, tuwo mai nauyi dab da kwanciya, taba da shisha, tunanin bashi da kuɗin haya, kowanne yana da rabonsa. A hunturu masu asma suna ƙara amfani da abin shaƙa na salbutamol, shi ma yana hanzarta zuciya. A watan azumi lokacin barci da na ci duk sun juye, don haka ba a gwada lambar Ramadan da ta sauran watanni.

Akwai magani guda da nake so ka duba a ledar magungunanka: amitriptyline. Ana yawan ba masu suga shi saboda zafi da tsikarin tafin ƙafa, kuma yana danne aikin jijiyar bagus, ya sauke lambar sosai. Magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol su ma suna sauya ta. Ban ce ka daina ko ɗaya ba. Likitan da zai fassara awon ne ya kamata ya san kana sha.

Lamba mai yawa ma ba kullum take zama albishir ba. Dattijon da agogonsa ya wayi gari ya nuna 150 bayan ya saba da 25, ba ƙuruciya ce ta dawo masa ba. Sau da yawa bugun ne ya rikice, musamman irin rikicewar da ɗakunan saman zuciya ke karkarwa maimakon bugawa, wadda ke iya haifar da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Wannan na buƙatar ECG, wato awon lantarkin zuciya da ake yi a asibiti, a ranar.

Inda ciwon suga ya shigo

Suga da ya daɗe yana hawa yana cin jijiyoyi, kuma dogaye yake fara ci. Kowa ya san na ƙafa, mai sa mutum ya ji kamar yana taka auduga ko takalminsa ya zame bai sani ba. Wanda ba a cika magana a kai ba shi ne na ciki, kuma a cikin jijiyoyin ciki bagus ce mafi tsawo, don haka ita ke fara taɓuwa. Alamar farko ita ce wannan rawa ta bugu tare da numfashi ta ragu, tun mutum bai ji komai ba, wani lokaci da shekaru. In abin ya yi nisa sai bugun hutu ya zauna a 90 ko 100 ya ƙi sauka, mutum ya riƙa ganin duhu in ya miƙe, ya gaji da ɗan aiki, ya ƙoshi da loma kaɗan cikinsa ya kumbura, gumi ya karyo masa a fuska yana cikin cin abinci. Raunin gaba a wajen iyali ma yana daga ciki, kuma yawancin maza ba sa faɗa wa likita, sai su nufi masu maganin maza a bakin kasuwa, alhali wannan saƙo ne daga jijiyoyi da hanyoyin jini da ya kamata a karanta da wuri.

Abu biyu suka sa ba na wasa da wannan. Mai irin wannan lalacewa hanyar jinin zuciyarsa tana iya toshewa bai ji ciwon ƙirji ba, sai dai kasala, haki ko amai, a yi ta ba shi maganin gyambon ciki. Kuma sugansa yana iya faɗuwa ƙasa ba tare da rawar jiki da faɗuwar gaban da ke gargaɗi ba. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka tana ba da shawarar a fara neman alamun wannan tun ranar da aka gano suga irin na manya, sannan kowace shekara. A layukan asibitocinmu, inda likita ɗaya ke ganin mutane da yawa kafin azahar, wannan tambaya takan faɗi ƙasa, kuma abin yana damuna domin gwajin ba shi da tsada.

David Ewing da abokan aikinsa a Edinbara ta Sikotilan suka tsara shi a shekarun 1970 zuwa 1980, kuma ba ya buƙatar komai sai na'urar ECG da abin awon jini da agogo. Ga yadda nake yi. Mutum ya kwanta minti 10 ya huce daga hayaniyar hanya. In saka wayoyin, in saki takarda tana tafiya. In na ɗaga hannu ya ja numfashi na sakan 5, in na sauke ya fitar na sakan 5, sau 6, minti ɗaya ke nan, ina yin alama da biro a kan takardar duk inda ya fara ja. Daga nan in ƙirga ƙananan akwatunan da aka zana a takardar, waɗanda ke tsakanin ƙololuwar bugu da ta gaba. Kowane ƙaramin akwati milisakan 40 ne, kuma in ka raba 1500 da yawan akwatunan ka samu bugu a minti. A ce mafi gajarta akwati 18 ce, bugu 83 ke nan, mafi tsawo 23, bugu 65. Bambanci 18. A ma'aunin Ewing, 15 zuwa sama lafiya lau, 10 zuwa ƙasa akwai matsala, tsakani kuma a sake dubawa, tare da la'akari da cewa dattijo ba zai kai na matashi ba. Sai in ce ya miƙe tsaye takarda na tafiya: a lafiyayye bugun ya fi sauri a wajen bugu na 15, ya lafa a wajen na 30. A ƙarshe in auna jini a kwance, in sake aunawa cikin minti 3 da tsayuwa. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, an samu dalilin jiri.

Wani tela daga cikin gari, mai suga na shekaru, ya zo min da kukan cewa in ya ɗago daga sujada sai ya dafa bango, har ya koma sallah a zaune. An yi ta ba shi maganin ƙarin jini. Da muka yi gwajin numfashin, na ɗora takardar a tebur, tazarar bugunsa daga farko har ƙarshe kusan ɗaya ce, yana ja yana fitarwa zuciyar ba ta ko kula ba. Jininsa kuma ya faɗi da ya miƙe. Muka sauya ɗaya daga cikin magungunan hawan jininsa, muka gyara lokacin shan su, na koya masa ya riƙa zama a bakin gado kafin ya tashi, ya motsa ƙafafu, ya ƙara shan ruwa, muka kama sugan da gaske. Jijiyar ba ta dawo sabuwa ba, amma jirin ya ragu har ya koma tsayuwa a sahu.

Kuma ana iya rage saurin lalacewar. A wani bincike da aka yi a cibiyar Steno ta Denmark, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2003, masu suga irin na manya da aka haɗa musu kula da suga, hawan jini, kitsen jini, motsa jiki da barin taba gaba ɗaya, haɗarin wannan lalacewar jijiya ya ragu musu da fiye da rabi in an gwada da waɗanda aka yi wa kulawar yau da kullum.

Yadda za ka amfana da agogon

Ka gwada kanka da kanka. Ka zaɓi lokaci guda, mafi kyau da asuba bayan ka kama ruwa, kafin shayi, a zaune ko a kwance amma kullum iri ɗaya, kana numfashinka na yau da kullum. Ka rubuta lambar da bugun hutu a ɗan littafi na mako 2 zuwa 3, tare da kalma ɗaya ko biyu kan daren: zafi, zazzaɓi, tafiya, rashin barci. Abin da ya fito a tsakiya shi ne naka. Faɗuwar rana ɗaya ba komai ba ce. Faɗuwar da ta zarce mako, bugun hutu kuma yana hawa, ita ce abin kai wa likita. In kuma ka ga duban lambar kowace safiya ya zame maka abin fargaba, ka cire agogon na wani lokaci, domin fargabar kanta tana sauke ta.

Akwai wani awo da na fi yarda da shi fiye da lambar safe, wato saurin dawowar zuciya bayan aiki. A wani bincike na asibitin Cleveland da ke Amurka a 1999, waɗanda bugunsu bai sauka da fiye da 12 ba a minti na farko bayan gwajin motsa jiki mai tsanani sun fi sauran haɗarin mutuwa a shekarun da suka biyo. Tafiyar unguwa ba ta kai tsananin wancan gwaji ba, don haka ba za ka ɗauki 12 ɗin a matsayin hukunci ba. Amma in likitanka ya amince maka da motsa jiki, ka duba bugunka da zarar ka tsaya daga tafiya mai sauri, ka sake dubawa bayan minti ɗaya. In wata ya bi wata kana ganin saukar tana ƙaruwa, jikinka yana karɓar horon.

Abin da ya fi ɗaga wannan juriya shi ne tafiyar ƙafa mai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau 5. Bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe da hayaƙin adaidaita sahu, shi ne lokacinta a garin nan. Ka fara a fili, hawan Dutsen Dala ya jira sai ƙafa ta saba kuma an duba zuciya. Ka sa takalmi rufaffe mai laushi, ka duba tafin ƙafarka in ka dawo, ka riƙe dabino ko alawa a aljihu saboda faɗuwar suga. In Hajiya ta ce kana minshari har numfashinka yana ɗaukewa, ka faɗa wa likita, domin wannan yana cikin manyan masu lalata tafiyar zuciya da numfashi da daddare.

Numfashi a hankali, kusan sau 6 a minti, yana da nasa amfani. A wannan sauri ne hawa da saukar bugu da ta ƙarfin jini ke haɗuwa su ƙarfafa juna, abin da masu bincike Evgeny Vaschillo da Paul Lehrer suka yi aiki a kai shekaru. Luciano Bernardi na Italiya ya nuna a 2001 cewa masu maimaita wata addu'ar Kiristoci da Latin, da masu maimaita kalmomin yoga na al'adar Indiya, numfashinsu kan sauka zuwa wajen 6 a minti ba tare da sun ƙirga ba. Wanda ya saba karatun Alƙur'ani da tartili ya san wannan salo na gajeren ja da doguwar fitarwa har ƙarshen aya. Minti 10 safe da yamma, sakan 4 ko 5 ciki, 5 ko 6 waje, ba tare da cika ƙirji da ƙarfi ba, yana kwantar da hankali kuma yana ɗan sauke hawan jini. Ɗan saukewa na ce. Ba ya maye gurbin ƙwaya ko ɗaya.

Iyakar abin

Ban gan ka ba, ban ɗora hannu a jijiyarka ba, don haka ba zan iya ce maka 22 ɗin nan ta shekaru ce, ta agogo ce, ta magani ce ko ta suga ba. Gwajin da na bayyana ne zai raba. Kuma ko an yi shi da na'ura mafi kyau, abin da yake nunawa shi ne yadda jijiyoyi ke sarrafa zuciya. Ba ya auna garkuwar jiki, ba ya ganin ƙoda ko hanta, ba ya gano daji, ba ya faɗin tsawon kwana. Sakamakon binciken da na kawo na taron jama'a ne, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba. Ina faɗin haka ne saboda masu yawo da wata na'ura a gari, su ba ka ƙarfe ka riƙe minti ɗaya, kwamfuta ta fitar da shafuka wai an duba jikinka kaf, sannan a ɗora maka magungunan ƙarin kuzari na dubban nairori. Na ga waɗanda suka ajiye maganin sugansu saboda irin wannan takarda, suka dawo da ƙafa ta ruɓe.

In ka ji nauyi ko ciwo a ƙirji, haki kana zaune ko in ka kwanta, suma, bugu mai rikicewa da ya ƙi lafawa, gumi mai sanyi da kasala ba dalili, ko kumburin ƙafafu, kada ka tsaya duba agogo. Ka nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko wanda ya fi kusa da kai.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka jira ranar ganin likitanka, ka roƙi a yi maka ECG da gwajin dogon numfashi da awon jini a kwance da tsaye, a haɗa da HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata 3, da gwajin ƙoda, da duban ido da ƙafa. Ka tafi da littafin da ka rubuta lambobin, da duk abin da kake sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na kemis. Ranar ka bar goro da shayi da taba tun daren jiya. In an ce za a ɗebi jinin da ke buƙatar ka zo ba ka ci komai ba, ka tambayi yadda za ka yi da maganin safe, ka riƙe abincinka a hannu. In ba a ce ba, ka karya da abu mai sauƙi awa 2 kafin gwajin, ka sha maganinka yadda ka saba, kada suga ya faɗi kana kan layi.